Kafaɗar Ɗaukar Makara

A wani kemis kusa da kasuwar Azare, Hajiya Yakaka na zaune a benci tana jiran a miƙo mata ƙwayoyin samun barci, sai wani dattijo da ba ta sani ba ya zauna can gefe, yana jujjuya kwalbar maganin ƙarin ƙarfi.

"Hajiya, ko kin san wannan? An ce yana dawo wa tsoho da ƙarfinsa."

"Malam, abin da shekaru suka ɗauke, kwalba ba ta dawo da shi. Noma za ka koma?"

"Gona na bar wa yara a Zadawa. Aminina Babayo ne kwance, likita ya ce a mai da shi gida. Tun muna samari muka yi alkawari, wanda ya rage zai sa kafaɗa a makarar ɗan'uwansa. Jiya kuwa buta ma ta gagare ni ɗauka."

"Ai akwai matasa."

"Matasa ba su yi masa alkawari ba. Ke fa, na ji maganin barci kike jira, me ya hana ki barci?"



"Ran da aka fita da gawar maigidana Alhaji, a zaure aka tsayar da ni, tunda mace ba ta raka gawa. Har yau in na rufe ido, makarar nake gani tana shan kwana."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Sayi maganinka, Malam. Ko bai yi maka komai ba, je ka sa hannu a makarar. Kai ai za a bar ka ka bi shi."