Ruwan Saman da Muka Sha a Kudu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Sakajiki nake rubutowa.

Na daɗe ina gadi a kudu, kusa da rijiyoyin mai, inda wutar gas ba ta mutuwa. Mu a nan ba mu san ruwa mai tsarki kamar na sama ba, don haka matata Hajara take tara shi a can ma daga rufin kwano mu sha. Maƙwabta suka ce hayaƙi ne ke dawowa a cikinsa. Muka ce rahama ce. Baƙin dattin da ke kwantawa a randa kuwa, da kallabi take tacewa.

Tari ya ɗauke Hajara. Ni ma shi nake yi, na dawo gida ina zaune kawai.

Yanzu Sani ɗan ƙanena, mai ɗebo mini ruwa, zai koma can da iyalinsa. Na faɗa masa, ya yi dariya: "Baba, har ruwan sama ma ka sa wa ido?"

Yana sauraron shirin nan, ku taya ni faɗa masa. Ban hana shi tafiya ba. In hadari ya taso, matarsa ta kife randa.