Motar da Ba Ta da Ƙara

A ɗakin jira na asibiti, wani tsohon ma'aikacin filin jirgi yana ta tari kusa da wata mai juna biyu.

"Sannu, Baba."

"Yawwa, 'yata. Hayaƙin motocin jan kaya ne ya cinye min ƙirji."

"Maigidana ma can yake aiki. Amma yanzu masu lantarki aka kawo musu."

"Gwamma haka. Sai dai ki ce masa ya riƙa waiwaye. Mu da kunne muke kauce wa mota. Wannan kuwa shiru take zuwa, sai dai ka ji ta a jikinka."

Ta dafa cikinta.

"Baba, ko titi zai tsallaka ba ya duba hagu da dama. Cewa yake kunnensa ya ishe shi."