Buhu Huɗu na Takin Gwamnati

A tashar Birnin Kudu, Ɗanbala ya kasa ɗauke ido daga buhunan taki huɗu da ake ɗora wa wata dattijuwa a motar Gwaram.

"Inna, wa kika sani a sama?"

"Ba kowa, Malam. Saƙo aka turo min a waya, na je na dangwala yatsa, aka ba ni."

"Haka kawai? Wannan dokar rajista ta waya ta cuce mu. A da buhu ashirin nake kwasa, bana ko ɗaya!"

"Ayya! Mu a Dingaya shekara biyar ba mu ga taki ba sai bana. Ina gonarka take?"

Ɗanbala ya kau da kai.

"Ni tela ne, Inna."