Danƙon Bakin Hamdiyya da Jirgina Mai Yoyo

Assalamu alaikum. Shugaban wanga taro na lafiyar haƙori, ranka ya daɗe. Wakilin hakimi, Sarkin Ruwa, Likita Zulkiflu da ya taso tun daga birni, iyaye mata, jama'ar Wara, ina gaishe ku. Na gode da kunka ba ni abin magana, ko da yake ƙwatarsa na yi.

Ni ne Maikuɗi mai fito. Shekara da shekaru jirgina na yoyo. Na danna auduga, na shafa kwalta, na narka roba. Na kai kuka gun Sarkin Ruwa, ya ce in yi haƙuri. Haƙuri ba ya toshe rami. Kowa ya shiga jirgina, kafin ya zauna na miƙa mashi ƙwaryar kwashe ruwa.

To, ga jikata Hamdiyya. Haƙoranta sun yi cunkoso kamar jirage ranar kasuwar Yawuri, anka kai ta birni, wanga likita ya sa mata wayar daidaita haƙora, yana liƙa ƙananan ƙarafa bisa haƙoran da danƙo. Ina zaune ina kallo.

Danƙo na farko, gari ne ya kwaɓa. Ya ce wannan ba ya tsoron yawu. Gaskiya ne, amma yana tsoron ƙuli-ƙuli, don gutsura ɗaya ta yi ƙarfen ya faɗo.

Na biyu, sai da ya busar da haƙorin sarai, ya liƙa, ya haska mashi tocila mai shuɗiyar wuta. Jama'a, yarinyar nan ta ci rake a ɓoye, ta tauna kan busasshen kifi, ƙarfe bai motsa ba. Dare da rana cikin yawu yake, ko ɗigo bai saki ba.

Na uku ba na likita ba ne, kwaltata ce ta jirgi, wadda ko damina guda ba ta kaiwa.

Na ce, "Likita, auna mani bokiti guda na mai tocilar." Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Baba, na baki ne." Na ce, "Ɗana, baki ruwa, tafki ruwa, ina bambancin?" Ya ce a dawo da yarinya wata mai zuwa.

Yanzu ruwa ya fara cikowa. Matata Kande ta rantse ba ta ƙara shiga jirgina, masu albasa sun koma jirgi mai inji. In yau ta wuce ban toshe ba, bana ƙasan tafki zai kwana.

Allah ya ba mu lafiya, ya bar ma kowa haƙoransa, ya maida baƙi gida lafiya, ta mota.

Likita, jirgin na nan bakin ruwa, na kife shi, ya bushe sarai yadda kake so. Ka tashi gaban jama'a ka amsa mani: wane danƙo za ka ba ni, na kwaɓin gari ko mai tocilar? Ba ni zama sai na ji.

Na gode.