Na Ƙwace Angona Daga Hannun Wanzami

Assalamu alaikum, ɗana mai gabatarwa. Ni ce Kulu mai bandar kifi, daga Gulma. Ka karanta da ƙarfi, Malam mijina kunnensa ya yi nauyi, kuma da shi nake.

Jikana Sani, wanda nake kira angona, bai kai shekara biyu ba. Kwanan baya tari da zazzaɓi suka kama shi, har ya ƙi nono. Malam ya ce beli ne, a kira wanzami ya yanke. Ni kuwa na ɗaga rigar yaro, na ga numfashi na fita da sauri, ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki. Na ce, "Malam, wanga ciwo a ƙirji yake." Ya ce, "Yaushe kika zama likita?"

Wanzami na wasa aska a zaure, na goya angona na fice ta ɓarakar danga, uwarsa na biye. Muka hau mashin sai asibiti, Argungu. Likita ya ce namoniya ce, ciwon huhu, tana yawan kama yara, tana kisa in an yi jinkiri. Aka kwantar da mu, aka sa masa iska, aka yi allurai.

Alhamdulillahi, ango ya warke, jiya har kifi ya sace mini! Mata, in kun ga ƙirji na lotsawa, ku ruga asibiti.

Ina gaishe da Malam. Wanzami bai koma hannu sake ba, kan Malam ne ya aske.