Sunan da Ba a Kai Ofis Ba

Shugaban zuri'armu, Baba Pyo Gap-su. Dattawan manyan gidaje da ƙanana. Iyayenmu mata da suka kwana suna toya waina. 'Yan uwa da kuka taso daga Busan da Daegu: ina gaishe ku da girmamawa. Na gode da kuka ba ni wuri, ni Yong-dal, da ban saba magana ba sai a takarda.

Kun ce kafin a sassaƙa dutsen tunawa da waɗanda yaƙi ya ci, kowa ya kawo sunan mamacinsa da hujja. Na nema, na sake nema, ga abin da na samo.

Na farko, rajistar ƙidaya. Kakana ya haifi ɗa, Bong-sik, ya rubuta shi. Yaron ya rasu yana goye. Da aka haifi mahaifina Man-sik, ofis da nisa, ga shuka, sai aka bar shi da takardar wansa, kamar yadda gidaje da yawa suka yi. A gida Man-sik, a hukuma Bong-sik.

Na biyu, takardun fanshon soja. Can na ga Bong-sik ya faɗi a fagen daga, ba mata, ba ɗa, domin ya tafi ba a rubuta aurensa da mahaifiyata ba, tana da cikina. Ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Malam, gwauro kake nema ya haife ka?" Na yi dariya. Har yau ban san dalili ba.

Na uku, littafin zuri'armu. Shi kuma ya ce Bong-sik jariri ne ya mutu, Man-sik kuwa ba a kai ga shigar da shi ba. To wa zan kawo muku? Jaririn da ya riƙe bindiga, ko mutumin da ba a haifa ba?

Na tambayi mahaifiyata. Ta ce, "Kai sakarai, wace mace ke kiran sunan mijinta? Tari nake yi, ya waiwayo." Na ce, "Inna, amma Man-sik ne ko?" Ta ce, "Haka nake jin uwarsa na cewa." Wataƙila ni ne na sa mata sunan a baki; na kasa rantsuwa.

Dattawa sun ce shaida ɗaya ya isa. Saboda haka ina roƙonku, ina roƙonku don girman kabarin kakanninmu da muka share yau: duk wanda ya taɓa buɗe baki ya kira Man-sik, ya ji ya amsa, ya ɗaga hannu.

Baba Gap-su? Gwaggo ta bayan can?

To. Na gani, ba hannu ko ɗaya.

A sassaƙa dutsen, kada a jira mu. Kakanninmu su kwanta cikin salama, da masu suna da marasa shi. Ku koma gida lafiya, ku tarar da masu kiranku.

Na gode.