Ɗumamen da Ya Kai Malam Yakubu Asibiti

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni wani tela ne daga Samaru. Kunya ce ta sa na rubuto, don ba zan iya faɗin wannan da bakina ba.

Kwanakin baya na shiga cikin masu gudun safiyar Asabar, daga Samaru zuwa Palladan. Mai horas da mu, Baba Ishaya, tsohon soja ne daga Basawa. Ya ce mu fara a hankali, kuma kada kowa ya cika ciki kafin gudu. Ni kuwa da taurin kai na ce ai ƙarfi a tuwo yake, na share ɗumame malmala biyu da miyar kuka.

Ko rabin hanya ban kai ba cikina ya murɗa, numfashi ya gagara. Na saci jiki na hau acaɓa, na sauka a wani lungu, na yayyafa wa fuskata ruwa, na riga kowa isa.

Aka yi ta tafa mini. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, mene ne sirrin?"

Na ce, "Ɗumame, Baba."

Da Asabar ta zagayo, maƙwabcina Malam Yakubu ya bi shawarata. A bakin titi ya zube yana amai, sai asibiti. Har yau na kasa zuwa duba shi.

Don Allah masu sauraro, me ya kamata in ci, kuma yaya zan saba da dogon gudu na gaskiya?

Baba Ishaya, na san kana jin wannan shirin. Ka yafe mini. Ba ɗumame ba ne, acaɓa ne.